Iyafis ɗin da ba a sa shi cikin kunne, mai aika sauti ta ƙashi: abin da na gani

Bari in fara faɗin inda na tsaya saboda wanda ba zai iya karanta dogon rubutu ba. Iyafis ɗin nan da ke aika sauti ta ƙashin kai abu ne mai kyau, ina son shi, na daɗe ina amfani da shi kuma in ya lalace zan sake neman irinsa, amma fa ba na kowa ba ne, sannan akwai wata magana da masu tallarsa ke yawan yi wadda ba gaskiya ba ce, ita ce ma ta sa na zauna rubuta wannan don tana iya cutar da mutum. Ba zan kama sunan kamfani ba, kamfanoni da yawa ke yin sa kuma hanyar aikin ɗaya ce, abin da zan faɗa ya shafi kusan dukkansu.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, wani siririn ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, yana zagayowa ta ƙeya ya hau saman kunnuwa biyu, sai 'yan ƙwayoyi biyu su sauko su kwanta a gaban kunne, daidai wurin da ƙashin kumatu ya haɗu da kunne. Ramin kunne kuwa a buɗe yake, ba abin da ya shiga ciki. Da Bluetooth yake haɗuwa da waya kamar sauran. Nauyinsa wajen giram 30 ne, in ka ɗan jima da shi mantawa kake yi yana kanka. Ƙwayoyin nan biyu su ne komai, maimakon su hura sauti cikin iska sai su riƙa girgiza a jikin fata, girgizar ta shiga ƙashi ta wuce ciki.

To ta yaya mutum zai ji abu kunnensa a buɗe ba komai a ciki? Nan ne daɗin abin yake, kuma sai an gane yadda ji yake kafin a gane me ya sa na'urar ta yi kyau a wani wuri ta gaza a wani wuri.

Sauti ba komai ba ne illa girgiza da ke tafiya. Abu ya motsa, ya ture iskar da ke kusa da shi, ita ma ta ture ta gabanta, haka haka har turin ya iso kunnenka. Iskar ba tashi take yi daga bakin mai magana ta zo wurinka ba, kowane ɓangare nata ɗan motsawa yake yi gaba da baya a inda yake, turin ne kawai ke wucewa. Shi ya sa inda babu abin da za a tura babu sauti. Tun 1660 Robert Boyle ya nuna haka a Ingila, ya sa agogo a cikin tulun gilashi ya riƙa zuƙe iskar ciki, ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace alhali agogon na ci gaba da aiki ana ganinsa. A cikin iska mai zafin digiri 20 sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya sa in ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa uku kafin tsawa ta iso to wajen kilomita ɗaya ke tsakaninku. Amma iska ba ita ce hanyar da ta fi sauri ba sam. A ruwa yana kai wajen mita 1,500 a daƙiƙa, a ƙarfe ya haura 5,000. Abu mai tauri ya fi iska iya kai girgiza nesa ba kusa ba, kuma ƙashi abu ne mai tauri.

Hanyar da muka saba ji da ita doguwa ce. Fatar kunne ta waje ta tattaro sautin ta zuba shi a ramin kunne, wanda tsawonsa wajen santimita biyu da rabi ne, ya je ya bugi dodon kunne. Dodon kunne ya girgiza, ya miƙa wa wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku da ke jere a bayansa, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a duk jikin ɗan Adam, wajen milimita 3 ne kacal. Shi kuma ya riƙa dannawa a ƙofar wani ɗan bututu da ya nannaɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, wanda ke binne a cikin ƙashin kai. A cikin katantanwar nan ne ainihin ji yake. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi-gashi a kansu, wajen 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, in ruwan ya kaɗa sai gashin ya lanƙwasa, su mayar da motsin saƙon lantarki jijiya ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Amfanin dodon kunne da ƙasusuwan nan uku kuwa babba ne, domin sautin da ke cikin iska in ya ci karo da ruwa kai tsaye fiye da kashi 99 cikin 100 nasa komawa yake yi baya, ba ya shiga. Su ne ke tattara turin daga faffaɗan wuri su matse shi a ɗan ƙaramin wuri, ƙarfinsa ya ninku wajen sau 20, sannan ya iya kaɗa ruwan. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan tsarin sai na ji wani iri, abu ɗan mitsitsi haka amma komai a lissafe.

Tunda katantanwar a cikin ƙashi take, duk abin da ya girgiza ƙashin kai zai kaɗa ruwan cikinta ko da bai bi ta dodon kunne ba. Wannan ita ce hanya ta biyu, kuma kullum muna amfani da ita ba tare da mun lura ba. Toshe kunnuwanka biyu da yatsu ka ɗan yi gunji a maƙogwaro, za ka ji muryar ta ma ƙara cika kanka. Ko ka haɗa haƙoranka ƙas ƙas, kai za ka ji da ƙarfi na kusa da kai bai ji komai ba. Shi ne ma dalilin da in mutum ya ji muryarsa da aka naɗa sai ya ce wannan ba muryata ba ce, don shi ya saba jin ta ta hanya biyu, iska da ƙashi, ƙashin kuma yana ƙara mata kauri, sauran mutane kuwa ta iska kawai suke ji. Abin ba sabo ba ne ko kaɗan. Tun ƙarni na 16 wani likita ɗan Italiya, Girolamo Cardano, ya rubuta cewa ana iya jin sauti ta sandar da aka ciza da haƙori. Thomas Edison da ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya a 1877 jinsa ya yi rauni sosai, yakan ciji katakon na'urar don kiɗan ya shiga ta haƙoransa. Georg von Békésy ɗan ƙasar Hungary, wanda ya ci kyautar Nobel a 1961 kan bincikensa na yadda katantanwar kunne ke aiki, ya nuna cewa ko ta iska sautin ya zo ko ta ƙashi wuri ɗaya yake sauka kuma iri ɗaya yake motsa shi. A riƙe wannan maganar ta Békésy da kyau, zan dawo kanta.

Yanzu ga yadda yake a kunne. In magana ce, labarai ko hira ko darasi ko kiran waya, gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Muryar na fita tas, kuma wani abin mamaki ji kake kamar a tsakiyar kanka ake maganar, farko abin zai ɗan ba ka mamaki daga baya ka saba. Dalili shi ne muryar mutum a tsakiyar ma'aunin ji take. Kunnen matashi mai lafiya na jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, abin da ake auna wa da Hertz, amma abin da ake buƙata a gane magana ɗan yanki ne a ciki, layin tarho na da ma daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka kuma mutane na fahimtar juna sarai. Wannan yankin na'urar ta iya shi sosai.

Kiɗa kuwa nan ne za a ji bambanci. Bes ɗinsa, wato sauti mai kauri, ba ƙarfi, ko kusa bai kai na iyafis ɗin da ke toshe kunne ba. Ba wai laifin wanda na saya ba ne kaɗai, yanayin abin ne, sauti mai kauri yana buƙatar motsi babba, ita kuma 'yar ƙwayar nan so ake ta girgiza kan mutum gaba ɗaya ta cikin fata da tsoka, fatar ma tana shanye wani ɓangare. In ka ƙure sautin don ka samu bes ɗin, maimakon ka ji shi a kunne sai ka ji shi a fata, wani irin cakulkuli a kumatu zirrr, wasu ba sa damuwa da shi, ni dai in ya yi yawa yana damuna, na kan rage. Haka can sama wajen siraran sautuka ma ba ya fita wasai kamar na hedifon mai kyau. Sannan rabe-raben dama da hagu da masu haɗa kiɗa ke wahala a kai kusan ya tafi, domin ƙoƙon kai abu ɗaya ne a haɗe, girgizar da ta shiga ta dama tana isa kunnen hagu kusan da ƙarfinta. Za ka ji ɗan bambanci amma ba wannan faɗin da ake ji ba. Mai son ya zauna shiru ya ji kowane kayan kiɗa a wurinsa, kada ma ya fara, ransa ne zai ɓaci.

Wani abu da na ji daɗin gwadawa, in ka sa abin toshe kunne na soso sannan ka ɗora shi, nan take bes ɗin zai ƙaru sosai. Abin da ke faruwa shi ne bangon ramin kunne ma yana girgiza yana fitar da sauti mai kauri a ciki, in ramin a buɗe yake sai ya fice waje, in an toshe sai ya koma kan dodon kunne. Wasu kamfanonin har sosan suke haɗowa da shi a kwali saboda wannan. Yana da amfani a jirgi ko wurin aiki mai hayaniya, amma fa ka san ka zubar da babban dalilin sayensa, wato buɗaɗɗen kunne.

Buɗaɗɗen kunnen nan shi ne abin da ya riƙe ni. Mai tafiya a ƙasa gefen titi, mai gudun motsa jiki, mai tuƙa keke, uwa ko uba da ke aiki yaro na barci a ɗaki na kusa, mai aikin da za a iya kiransa kowane lokaci, duk waɗannan suna buƙatar kunnensu. Kuma ba jin ƙarar kawai ba, har da sanin daga ina ta fito. Ƙwaƙwalwa na gane ɓangaren da sauti ya fito ne ta hanyar auna wane kunne ya riga ji, tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, da kuma wanne ya fi ji da ƙarfi tunda kai na tare wa kunnen da ke nesa, sannan lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne na taimakawa a gane gaba ne ko baya, sama ko ƙasa. Da ka toshe rami ka ɓata wannan lissafin. Da wannan kuwa ina jin mota na tahowa ta bayana, na san ta wane gefe take, ba sai na waiga ba. Wasu iyafis masu tsada suna da tsarin da makirfo ke ɗauko sautin waje ya zuba maka a kunne, yana aiki ba laifi, amma ni a wurina bai kai kunne na gaske a buɗe ba. Ga kuma hutun da ramin kunne ke samu, ba zafi, ba gumi a ciki, ba tura dattin kunne can ƙurya, ba wannan ƙaiƙayin da wasu ke fama da shi in sun daɗe da abu a kunne. Mutumin da fatar ramin kunnensa ke yawan kumbura zai gane me nake nufi.

Sai dai kunne a buɗe yake ga komai, har da abin da ba ka so. A wurin da motoci suka yi yawa ko injin ke aiki, hayaniyar waje na danne abin da kake saurare gaba ɗaya, sai ka ga kana ta ƙara sauti kana ƙarawa har ka ƙure kuma duk da haka rabin maganar ke shiga. Wannan ya kawo ni kan maganar da na ce ba gaskiya ba ce.

Za ka ga an rubuta a talla cewa tunda ba ya bi ta dodon kunne to ba ya lalata ji, wai yana kare kunne. Don Allah jama'a kada a yarda da wannan. Kurumtar da ƙara ke jawowa a hankali ba a dodon kunne take faruwa ba, a cikin katantanwa take, waɗancan ƙwayoyin masu gashi ne ke gajiya su mutu, kuma a jikin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake fitowa, babu maganin da ke dawo da su zuwa yanzu. Kuma mun riga mun ji cewa ta iska ko ta ƙashi duk wurinsu sautin ke sauka. Su ba ruwansu da hanyar da ya biyo, ƙarfinsa da daɗewarsa kawai suka sani. To in ka tsaya cikin hayaniya ka ƙure shi, abu biyu ka haɗa musu, hayaniyar waje da ke shiga ta rami ba shamaki, ga kuma girgizar da ke shiga ta ƙashi. A irin wannan wurin hedifon mai rufe kunne ko mai kashe hayaniya ya fi shi sauƙi ga lafiyar ji, don da shi ba ka buƙatar ƙara sauti sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron abu da ƙarfi. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, ma'auninta kuwa shi ne babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, amma da an kai 90 sai ya dawo awa 4 kacal a mako. Mutum zai ga 80 da 90 kamar kusa suke, ba kusa suke ba, ƙarin desibel 10 na nufin ƙarfin ya ninku sau goma. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Abin da ke ba ni tsoro shi ne lalacewar ba ta zuwa da ciwo, siraran sautuka ne ke fara tafiya, mutum yana jin ana magana amma kalmomin na cakuɗe masa musamman cikin taro, ko kunnensa ya riƙa yin shuuu da dare, kafin ya farga shekaru sun wuce. Sayar wa mutum abu a ce masa ƙure yadda kake so ba abin da zai same ka, wannan zalunci ne, musamman in yara za a saya wa.

Ni abin da nake yi, in na shiga wurin da sai na wuce wajen kashi 60 ko 70 na sautin kafin in ji, kashewa nake yi kawai har in fita. Wayoyi da yawa yanzu suna da wurin da ake sa iyakar ƙarfin sauti, a duba a saita.

Maganar sirri kuma, kada a ɗauka na kusa ba ya ji. Ƙwayar da ke girgiza ƙashi tana girgiza iskar da ke kewaye da ita ma, dole ne. A sauti matsakaici a waje ba wanda zai ji, amma a ɗaki shiru ko ofis in ka ƙara, na gefenka zai ji 'yar siririyar ƙara tsi tsi tsi, wani lokaci har ya gane me ake cewa. Saƙon murya na sirri kam a rage sauti ko a tashi.

Sai a yi hattara da jabu, don sun cika kasuwa. Za ka ga siffa iri ɗaya sak, an rubuta mai aiki ta ƙashi a kwali, alhali 'yar ƙaramar sifika ce kawai a ciki tana huro sauti wajen ramin kunne. Irin wannan ba laifi ba ne in an faɗi gaskiyar abin da yake, akwai masu kyau ma a cikinsu, amma ba shi ka nema ba. Gane shi ba wuya. Kunna abu ka riƙe ƙwayar tsakanin yatsu biyu, na gaske za ka ji yana rawa a hannunka sosai. Ɗora shi a goshi ko a ƙashin bayan kunne ka toshe kunnuwa biyu, na gaske za ka ci gaba da ji har ma ya ƙaru, na jabu sai ya kusa ɓacewa. In ka danna na gaske a kan teburin katako ma teburin zai fara fitar da sauti. Duba kuma ko akwai 'yan huji-huji masu fuskantar ramin kunne, yawanci alamar sifika ce, ko da yake akwai sababbin da suka haɗa biyun da gangan, ƙashi na ɗaukar murya sifika na ƙara bes, su kuma suna faɗa a fili.

Sauran ƙananan abubuwa. Batir yana kai ni wuni in ba ƙurewa na yi ba, yawancin masu kyau wajen awa 8 ake rubuta musu. Cajar nawa ta musamman ce mai maganaɗisu, wannan kam ban so ba, in ta ɓata ba za ka ari ta wani ba, in da hali a nemi mai ramin caji irin na waya. Makirfo a ɗaki lafiya lau, cikin iska mai ƙarfi wanda ka kira zai sha fuuu. Ba a kwanciya rigingine da shi ko jingina da kujera mai dogon baya, ƙarfen ƙeyar zai ture ƙwayoyin su goce daga wurinsu, kuma da sun goce ko kaɗan sautin ya canza, don dole su manne da fata sosai. Wannan mannewar ce ma ke sa wasu jin ɗan matsi a gefen kai in an daɗe, mai babban kai ya gwada kafin ya biya. Da tabarau yana zama, sai dai saman kunnen ya ɗan cunkushe. In kana tauna ko magana za ka ji sautin na ɗan hawa da sauka saboda muƙamuƙi na motsa wurin. Gumi da yayyafi ba sa damunsa, amma a duba lambar IP da ke jikin kwali, wadda ke nuna juriyarsa ga ruwa da ƙura, IP55 na gumi ne da fantsama, mai shiga ruwa sosai sai IP68. Masu iyo su sani Bluetooth ba ya ratsa ruwa, shi ya sa na ninkaya ke zuwa da ma'ajiyarsa a ciki a zuba abin saurare tun a waje, kuma masu amfani da shi a ruwa ta ƙashin suke ji sarai tunda ruwa ya riga ya toshe ramin.

Akwai mutanen da na fi so su san da wannan na'urar fiye da masu gudu da masu keke, su ne waɗanda matsalar jinsu a hanya take ba a katantanwa ba. Wanda dodon kunnensa ya huje, ko ruwa ke taruwa a bayansa, ko ƙananan ƙasusuwan nan suka sandare, ko aka haife shi ramin kunne a rufe. Irin waɗannan katantanwarsu lafiya lau take, sauti ne ba ya iso ta. Likitocin kunne sun daɗe da sanin wannan, akwai gwajin da wani likita Bajamushe Heinrich Rinne ya bayyana a 1855 kuma har yau ana yin sa, a buga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke girgiza sau 512 a daƙiƙa, a ɗora gindinsa a ƙashin bayan kunne sannan a kawo shi bakin rami a tambayi mutum ina ya fi ji. Mai lafiya ta iska ya fi ji, wanda hanyarsa ta toshe ta ƙashi ya fi ji. A 1977 a birnin Gothenburg na Suwidin likita Anders Tjellström ya fara dasa wa marasa lafiya ɗan ƙusan titaniyom a ƙashin bayan kunne ana maƙala na'urar ji a kai, kuma har yanzu ana wannan aikin a ƙasashe da dama. Don haka mai irin wannan matsalar in ya ɗora iyafis ɗin nan zai iya jin kiran waya ko labarai fiye da yadda yake ji da na rami, haka wanda kunnensa ɗaya ya mutu gaba ɗaya, girgizar ɓangaren da ya mutu na tsallakawa zuwa mai lafiyar sai ya daina rasa rabin abin da ake kunnawa.

Amma ba na'urar ƙara ji ba ce ta asibiti, abin da waya ta aiko masa kawai yake bayarwa, ba a saita shi daidai da raunin kunnen kowa ba. Kuma in matsalar a katantanwa take ko jijiya a duka kunnuwan biyu, kamar raunin ji na tsufa ko na ƙara, ba abin da zai ƙara wa mutum, tunda can ɗin da ya lalace ne zai kai sautin. In wani ya ɗora shi ya ji abin ya fito masa fiye da yadda ya saba ji da kunnensa, wannan alama ce babba cewa akwai abin da ya tare hanya, ya je likitan kunne ya duba shi a yi masa gwajin ji, don da yawa daga irin waɗannan matsalolin ana magance su, wani ma dattin kunne ne kawai ya taru ya toshe, a wanke a asibiti ya koma ji garau.